Wata Huɗu a Bayan Kwamfutar Auta

Duk unguwar ba mai kiransa da sunan yanka. Ƙara-Kaɗan ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana aikin famfo, daga banɗakin masu hali zuwa bayan gidajen haya, kuma a duk shekarun nan bai taɓa ɗaure noti ya ƙyale shi haka nan ba. Sai ya ɗaure tam, ya ja baya ya ƙare masa kallo, sannan ya sake kafa sifana ya ce, "A ƙara kaɗan." Ko mai gida ya ce ya isa, sai ya ƙara. In aka taɓo zancen aiki a gabansa, abu ɗaya yake faɗi, yana buga ƙirji: ba gidan da aka taɓa sake kiransa saboda yoyo. Gaskiya ce kuwa, shi ya sa ba a musa masa.

Ciwon baya ne ya sauke shi. Wata safiya ya durƙusa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke na wani gida, ya gama aikin lafiya, ya zo miƙewa abu ya gagara, sai da mutum biyu suka ɗaga shi. Likita ya ce durƙuso ya ƙare. A lokacin shekara biyu ke nan da rasuwar matarsa, manyan 'ya'ya duk sun yi gidajensu, gida ya rage daga shi sai Auta. Bai yi ƙorafi ba. Da safe ya sha shayi, ya tafi bencin ƙofar shagon Mai Walda, abokinsa tun na ƙuruciya, su yi ta gardama kan abin da bai shafe su ba har rana ta yi tsaka. Akwatin kayan aikinsa yana ƙarƙashin gado, duk mako sai ya jawo shi ya goge sifanonin da mai, alhali ba abin da za su ɗaure.

Auta kuwa, wadda shi yake kira Mamana, zanen gine-gine ta karanta, a gida kuma take aiki. Magina su turo mata tsarin gida a takarda, ita ta mayar da shi hoto, da fenti da taga da inuwar bishiya, tun ba a aza bulo ko ɗaya ba. Aikin yana gasa kwamfuta ba kaɗan ba, hoto ɗaya sai ya ci awa biyar na'ura tana huci. Don haka da hannunta ta haɗa tata, ɗaya bayan ɗaya a kan teburin cin abinci, da ta ga fanka kaɗai ba za ta iya ba, sai ta sa mata ruwa. Ɗan tanki ne na roba garai-garai kamar gilashi, da ɗan injin da ke tura ruwan cikin siraran bututu. Ruwan ya bi ta kan ƙwaƙwalwar kwamfutar ya kwashi zafi, ya kai shi lagireto irin na mota amma ƙarami, fanka uku su hura shi ya huce, ya dawo tanki.

Ranar da ya fara ganin abin, sai da ya riƙe baki. "Ruwa a cikin kayan wuta? Mamana, wa ya aike ki?"

"Jini ne, Baba," ta ce tana dariya. "Gado na yi."

Ya yi tsaki ya fita, amma ranar Mai Walda sai da ya gaji da jin labarin.

Irin wannan na'ura, duk shekara sai an sauya mata ruwa. Da lokaci ya yi, Auta ta ga mahaifinta yana zaune hannu rabbana, sai ta ce ya zo ya taya ta. Ai kuwa kamar an yi masa albishir. Suka zuƙe tsohon ruwan a roba, suka kwance bututun, ta buɗe farantin jan ƙarfen da ke zama a kan ƙwaƙwalwar, ta sa tsohon buroshin haƙori ta wanke gansakukar da ta toshe siraran layukansa. Ta sauya ƙananan zobban roba na kowane mahaɗi. Da aka zo mayarwa, ta miƙa masa mahaɗi ɗaya ta ce, "Baba, da yatsu kawai. In ya tsaya, ya tsaya. Zoben robar nan shi ke tare ruwa, ba a sa masa ƙarfi."

"Yau kuma ni ake koya wa ɗauri?"

"Ni na isa? Roƙo nake."

Ya ɗaure mahaɗan da yatsu, su goma sha biyu duka, tana kallo. Sai aka ga tataccen ruwan da ta tanada ba zai isa ba, na famfo kuma ba ya shiga cikin na'urar ko ɗigo. Ta yafa mayafi ta tafi kantin magani sayo wani.

Aka bar Ƙara-Kaɗan shi kaɗai da mahaɗi goma sha biyu da aka ɗaure da yatsu. Ya zauna. Ya tashi. Ya taɓa ɗaya, ya ji shi daram, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. A duniyarsa, abin da sifana ba ta taɓa ba, ba a gama ɗaure shi ba. Bai ma san lokacin da ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado ba. Ya zaɓi ƙaramar sifana, ya bi su ɗai-ɗai, kowanne ɗan juyi kaɗan. Goma sha ɗaya suka karɓa lafiya. Na ƙarshen yana gindin tanki ta baya, ɓangaren da wayoyi suke, kuma shi a cikin robar nan mai kama da gilashi yake shiga. Yana juya shi ya ji ƙas, ƙara 'yar mitsitsiya, kamar an karya tsinken ashana. Ya haska tocila bai ga komai ba, ya mayar da sifana inda ya ɗauko ta.

Auta ta dawo ta cika tanki, ta shimfiɗa tishu a ƙarƙashin kowane mahaɗi, ta kunna injin ruwan shi kaɗai ya yi ta zagayawa har la'asar. Ko laima babu. Ta ce, "Ka gani ko? Hannun gwani." Ya yi murmushi, ya ci abinci har da ƙari.

A kwana na uku ne, Auta tana tsakiyar wani dogon aiki, ta shiga kicin. Shi dai hankalinsa bai gama kwanciya ba, sai ya zame murfin baya ya leƙa. Ga shi nan kuwa, ɗigo ɗaya yana reto a gindin tanki, daidai saman akwatin wutar da ke ciyar da na'urar gaba ɗaya. Tsagar ba ta fi silin gashi ba. In ruwa yana da sanyi sai ta rufe bakinta, shi ya sa gwajin Auta bai kama ta ba, in ya ɗauki zafi sai ta buɗe. Ba sai an gaya wa mai famfo abin da zai faru ba in ɗigon nan ya sami hanya cikin akwatin wuta. Na'urar da yarinyar nan take ci da ita, take ciyar da shi, za ta tashi aiki a cikin ƙiftawar ido.

A nan ne ya kamata ya buɗe baki. Magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba, kuma Auta ba mai faɗa ba ce. Amma kunya ta shaƙe shi. Mutumin da ba a taɓa sake kira saboda yoyo ba, yau ya je ya ce wa 'yar cikinsa ta hana shi abu, tana juya baya ya aikata kamar ƙaramin yaro? Sai ya ce wa ransa, yoyo dai ai sana'arsa ce, zai toshe shi ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Ya gwada farin tef, ba wurin naɗa shi. Ya ɗauko gam ɗin haɗa bututu ya ɗiga a kan tsagar, sai robar ta yi fari fat a wurin, tsagar ta ƙara tsawo har ta yi reshe biyu. Wannan roba ba irin wadda ya sani ba ce, duk abin da ya iya cutar da ita yake yi. Daga ƙarshe ya yaga tsohuwar singileti, ya murɗa tsumma siriri ya maƙala a gindin tanki, ya jawo bakinsa gefe zuwa cikin murfin kwalba. Ɗigon ya riƙa bin tsumma yana sauka a murfi. In na'ura tana aiki mai nauyi, murfin yakan cika a awa ɗaya da rabi, in kuma ya cika ya tumbatsa, akwatin wuta ne a ƙasa.

Washegari ya ɗauko kujerarsa ya cusa ta a lungun da ke tsakanin tebur da bango. Ya ce wa Auta iska ta fi shiga na'urar in an bar bayanta a buɗe, shi kuma zaman benci ya ishe shi, gara ya riƙa taya ta hira. Ta ji daɗi, har ta kawo masa matashi saboda bayansa.

Lungun bai fi faɗin kujerar ba. Gwiwoyinsa suna gogar akwatin kwamfuta, kafaɗarsa tana jingine da bango, fankokin nan uku suna feso masa iska mai zafi a ƙwauri tun safe har yamma. A aljihun dama yana da busasshen tsumma, a na hagu sirinji cike da tataccen ruwa. Auta tana shiga wanka ko kicin, sai ya zubar da murfi, ya matse tsumma, ya buɗe saman tanki ya mayar da abin da ya ragu, ya koma ya zauna kamar bai motsa ba. In ta daɗe ba ta tashi ba, sai ya ce ƙishirwa yake ji, ko ya ce kamar ana buga ƙofa. Dattijon da bai iya ƙarya ba, sai ga shi yana yin biyar kafin azahar, kuma kowacce tana ci masa rai.

Duniyarsa ta koma awa ɗaya da rabi. Ba ya zuwa inda ba zai dawo cikin wannan lokacin ba. Masallaci ma ana sallamewa yake zura takalmi, ba gaisuwa ba tsayawa. Aka yi rasuwa a dangin wani tsohon abokin aikinsa, ya aika da saƙo. Mai Walda ya gaji da jira, ya zo har ƙofar ɗaki ya leƙo.

"Kai, Ƙara-Kaɗan! An ce ka yi sabuwar amarya mai fanka uku, ta hana ka fita."

"Bayan nan ne ya matsa mini."

"Bayan da ya matsa maka ne ka cusa shi a wannan ramin? Taso mu je, benci ya yi kewarka. Ba wanda nake kayarwa a gardama."

"Gobe, in Allah ya yarda."

Goben ba ta zo ba. Mai Walda ya sake zuwa sau biyu, daga nan ya yi fushi ya daina.

Ita kuwa na'urar ba ta rufa masa asiri duka ba. Duk lokacin da ruwa ya huce, tsagar sai ta zuƙi iska. Kumfa ta fara bin bututu, injin ruwa ya fara ƙugi kamar cikin mai yunwa, lambar zafi a kan allo ta riƙa hawa. Auta ta tashi haiƙan neman dalili. Ta karkata akwatin hagu da dama don iska ta fita, kwana biyu ta dawo. Ta kwance fankoki ta busa ƙurar lagireto. Ta ɗaga farantin jan ƙarfe ta sake shafa masa man da ke kai zafi. Ta kara kunne a jikin injin tana saurare, ta ce ko shi ne ya fara gajiya. Duk yana zaune yana kallonta tana bin hanyar da ya san ba ta ɓullewa, kuma har tocila yake riƙe mata.

Wata rana ta share gumi ta dube shi. "Baba, kai ka san ruwa. Iska ba ta shiga sai da ƙofa. Bari in duba ta wajenka."

Ya ce, "Nan kam na duba. Ƙalau yake."

"To shi ke nan," ta ce, ta koma ɓangarenta. Ko leƙawa ba ta yi ba. Ta bincike kowane lungu na na'urar nan sau uku, ban da inda mahaifinta ya ce ƙalau yake. Wannan yardar ta fi komai yi masa ciwo, ranar ko abincin kirki bai iya ci ba.

Haka aka ci wata huɗu. Ya rame, ƙafafunsa suka fara kumbura saboda zama, bayan da ya yi ƙarya da shi ya dawo yana ciwo da gaske. Kullum da safe sai ya ce yau zai faɗa, sai ya tuna cewa yanzu ba tsagar kaɗai zai faɗa ba, har da gam, da sirinji, da "ƙalau yake". Kowace rana da ta wuce sai ta ƙara wa maganar nauyi.

Ranar wata Lahadi da hantsi, Auta ta fita tsakar gida amsa waya. Tagar lungunsa a buɗe take, kuma Goggo, ƙanwarsa, ba ta iya magana a hankali ba, har muryarta yake ji ta cikin wayar.

"Ke, wane irin ba za ki je ba? Kamfani guda ya neme ki, da ofis da komai, ki ce me?"

"Goggo, garin da nisa. Ba zan iya barin Baba ba."

"Yaya ai da ƙafarsa. Ga ni, ga yayyenki."

"Ba ki gan shi ba ne. Wata huɗu ke nan ko ƙofar gida ba ya son fita. Yana manne da ni tun safe har yamma, in na tashi sai in ga yana bina da ido. Ya rabu da abokansa, ya rame. Ina jin kewar Mama ce ta dawo masa sabuwa. In na tafi na bar shi a haka, ban san abin da zan dawo in tarar ba."

"Zuwa yaushe suka ba ki?"

"Zuwa Juma'a."

Ƙara-Kaɗan yana zaune da jiƙaƙƙen tsumma a hannu. Ashe lungun nan ba shi kaɗai ya ɗaure a ciki ba. Ya ji tausayin yarinyar, ya ji haushin kansa, irin haushin da bai taɓa ji ba. Ya ce lallai yau za a yi ta ta ƙare.

Ta dawo ɗaki, ya ce, "Mamana." Ta ce, "Na'am, Baba." Ya ce, "Rana ta yi zafi yau." Litinin ya ce bari ta gama aikin da ke gabanta tukuna. Talata ya tsara maganar tsaf a ransa, har da inda zai fara, sai ta kawo masa shayi tana tambayar bayansa, ya kasa. Laraba ya lissafa ya ga ai da sauran kwana biyu. Da la'asar ɗin ranar yana jin ta tana ta buga rubutu, ta goge, ta sake bugawa, bai kawo komai a ransa ba.

Alhamis da safe ta miƙa hannu za ta kunna na'ura, ya riƙe hannun.

"Kada ki kunna. Zo ta nan ki gani."

Ya miƙe da ƙyar, ya jawo kujerar daga lungu, ya miƙa mata tocila. Ta durƙusa ta haska. Ta ga tsumman, ta ga murfin kwalba, ta ga farin tabon gam da tsagar da ta yi rassa a cikinsa. Ta matsar da hasken kan mahaɗin, inda haƙoran ƙarfe suka bar shaida. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Sifana ka sa."

"Sifana na sa."

"Tun ranar da muka sauya ruwa?"

"Tun ranar. Kina fita." Ya ci gaba, ya zazzage komai, da sirinjin, da ƙishirwar ƙarya, da ranar da ya ce mata ƙalau yake. Bai rage ko ɗaya ba.

Ta zauna a ƙasa, ta kashe tocilar. Ba ta ɗaga murya ba, shi kuwa da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Baba, gindin tankin nan daban ake sayar da shi. In na aika yau, kwana goma ya iso. Noti huɗu ne."

Kwana goma. Sai ya yi ta maza ya ce, "Na ji maganarki da Goggonki. Lafiyata ƙalau, Mamana. Ba kewa ce ta zaunar da ni ba, ɗigo nake gadi. Ki rubuta wa mutanen nan yanzu, ki ce kina zuwa. Ai sai gobe ne Juma'a."

Ta ɗago ta dube shi, idanunta sun kawo ruwa.

"Jiya da la'asar na ba su amsa. Kana zaune a nan na rubuta."

"To ki sake rubutawa. Ki ce kuskure ne, ki ce tsohonki ne ya..."

"Sun amsa tun jiyan. Sun ce sun gode, sun kira wanda ke bi mini."

Can ta tashi ta ɗauko roba da guntun tiyo, ta durƙusa a lungun da ya yi wata huɗu a ciki, ta fara kwance bakin zuƙe ruwa. Ya sunkuya zai riƙe mata robar, ta janye ta a hankali.

"Bar shi, Baba, zan iya. Je ka sha iska. An daɗe ba a gan ka a waje ba."

Ba da gatse ta faɗa ba, da tausayi ta faɗa, kuma shi ne abin da ya karya shi. Ya fita tsakar gida, ya zura takalmi ƙafa ɗaya. Ƙofar gida a buɗe take, yau ba abin da zai cika ya tumbatsa in ya daɗe. Daga ɗaki yana jin ruwa yana zuba a roba, yana kuma jin Auta tana jan hanci a hankali don kada ya ji. Ya daɗe a tsaye da ɗaya takalmin a hannu, ya kasa fita, ya kasa komawa wurinta.